Nauyin Maganar Majalisa: Yadda Muke Karɓar Labaran Kimiyya, Fasaha da Nishaɗi

 



Abin da zan yi magana a kai abu ne da kowannenmu ya yi shi yau kafin ya iso zauren nan, wato faɗin ra'ayi a kan sabon labari. A teburin mai shayi, a cikin adaidaita sahu, a gidan biki, a zauren WhatsApp na dangi, kullum muna yanke hukunci a kan sabuwar allura, sabuwar manhaja, sabon fim. Masu ilimin zamani sukan raina irin wannan hira, su ce surutun majalisa ne. Ni ban raina ta ba, domin tarihinmu na kusa ya nuna cewa hirar majalisa ta taɓa tsayar da rigakafi a jiha guda, ta taɓa rushe aikin gwamnatin tarayya, ta taɓa kwantar da mutane a asibiti cikin dare ɗaya. Abin da ke da irin wannan ƙarfi ya cancanci masana su girmama shi, mu kuma masu faɗinsa ya wajaba mu san nauyin abin da ke fita daga bakinmu.

Yadda labari ke iso mana

Lokacin da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a 1939, da Abubakar Imam a kujerar edita, mutum ɗaya ne ke karantawa jama'a su kewaye shi suna saurare. Da BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, sauran gidajen rediyon waje suka biyo baya, Bahaushe ya zama mutumin rediyo. Manomi a ƙauye yakan san abin da ke gudana a Gabas ta Tsakiya fiye da wani ma'aikacin ofis a wata ƙasar. A wancan zamani labari kan bi ta hannun edita kafin ya iso, ra'ayi kuma kan tsaya inda aka faɗe shi, cikin mutum biyar ko goma da suka san juna, suka san wane ne mai gaskiya, wane ne mai ƙarin gishiri.

A watan Agustan 2001 wayar salula ta fara aiki a Najeriya. Kafin nan layukan tarho a ƙasar duka ba su kai rabin miliyan ba. Yau layukan da ke aiki sun haura miliyan 150. Sai Facebook ya zo, sai WhatsApp, sai TikTok. Abin da ya fi canja mu a cikinsu shi ne saƙon murya. Wanda bai iya karatun boko ba yanzu yana iya danna waya ya yi magana, maganar ta kwana a Kano ta wayi gari a Maraɗi, Kumasi da Khartum. Wannan alheri ne babba, domin ya ba marar murya murya. Sai dai ya cire abu ɗaya da tsohuwar majalisa ke da shi: sanin mai magana. Saƙo kan iso ba suna, ba rana, ba gari, sai dai a ce "wani likita ne ya faɗa" ko "a tura wa 'yan uwa don Allah".

A nan akwai bambancin da nake so mu riƙe har ƙarshen wannan lacca. Idan ka ce fim ɗin nan bai yi maka daɗi ba, ko ka ce ba ka son 'ya'yanka su riƙe waya tun suna ƙanana, ra'ayinka ne, ba wanda zai nemi hujja a wurinka. Idan kuwa ka ce allurar nan tana hana haihuwa, ko ƙarfen sabis ɗin nan yana kawo cuta, ko 'yar wasan nan ta aikata kaza, ka ba da labari ne, labari kuwa ko gaskiya ne ko ƙarya. Yawancin ɓarnar da zan ambata ta faru ne inda aka ba da labari marar tushe, da aka tambayi mai shi ya ce ai ra'ayinsa ya faɗa.

Darasin shan inna

A 1996 annobar sanƙarau ta auka wa arewacin Najeriya, ta kashe fiye da mutum 10,000. A tsakiyarta kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara 200 aka sa a gwajin, kusan rabi aka ba su sabon maganin, sauran aka ba su wanda aka saba. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar. An yi shekaru ana shari'a, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba.

Shekara bakwai bayan gwajin, a 2003, magana ta bazu cewa ɗigon rigakafin shan inna yana ɗauke da sinadarin hana haihuwa. Lokacin Amurka ta shiga Iraki, zukatan Musulmi cike da zargi. Jihohin Kano, Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin. Kano ta yi kusan shekara guda, sai a watan Yulin 2004 ta dawo, bayan an yi gwaje-gwaje an kuma kawo maganin daga Indunusiya.

Ina so mu yi wa iyayen wancan lokaci adalci. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Kuma tambayar da suke yi tambaya ce ta mai hankali: me ya sa ake bin mu gida-gida da wannan ɗigo kyauta, alhali in zazzaɓin cizon sauro ya kama yaro sai mun sayi magani da kuɗinmu? Tambayar tana da amsa. Shan inna ba ya da magani in ya kama, kuma ƙwayar cutar a jikin ɗan Adam kaɗai take rayuwa, saboda haka in aka yi wa kowane yaro rigakafi za a iya shafe ta daga doron ƙasa, kamar yadda aka shafe cutar agana, aka tabbatar da hakan a 1980. Amma an yi jinkirin kawo wa mutane wannan amsa cikin harshensu ta bakin wanda suka yarda da shi.

Tsoron yana da dalili, labarin kuwa ƙarya ne, kuma yara ne suka biya farashinsa. A 2006 an samu fiye da yara 1,000 da shan inna ya kama a Najeriya. Ƙwayar cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, har Yaman da Indunusiya. A watan Fabrairun 2013 aka harbe ma'aikatan rigakafi tara a Kano. Matasan da muke gani yau a kan keken guragu, da yawansu 'ya'yan waɗannan shekaru ne.

Abin da ya juya lamarin shi ma magana ce. Marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero ya riƙa ɗiga wa yara maganin a bainar jama'a. A 2009 sarakunan arewa suka kafa kwamiti ƙarƙashin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar. Aka ɗauki matan unguwa suna shiga gidajen maƙwabtansu suna bayani, waɗanda cutar ta nakasa suka fito suna cewa a dube su. Aka fara haɗa ɗigon da wasu magungunan da mutane ke bukata, wato an amsa tsohuwar tambayar nan a aikace. An ga na ƙarshe da ainihin cutar ta kama a Borno a 2016, a ranar 25 ga Agustan 2020 kuma aka ayyana Afirka ta rabu da ita. Ɗigon baki dai shi aka ci gaba da bayarwa daga 2003 har 2020. Abin da ya canja shi ne wanda ke bayani da yadda yake kallon wanda yake yi wa bayanin.

Misalai biyu gajeru za su ƙarfafa wannan. A watan Agustan 2014, makonni kaɗan bayan Ebola ta shigo Legas, saƙo ya karaɗe wayoyi cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Mutane suka riƙa tashin 'yan uwansu daga barci saboda ƙauna. Aƙalla mutum biyu suka rasu, da dama aka kwantar, musamman masu hawan jini. Ebola kanta mutum takwas ta kashe a Najeriya, a Legas da Fatakwal, ba ta ma iso arewa ba. Na biyu shi ne husufi. A watan Janairun 2001 husufin wata ya jawo tarzoma da ƙone-ƙone a Maiduguri. Da husufin rana na 29 ga Maris 2006 ya gabato, wanda ya bi ta sassan Zamfara da Katsina ya shiga Nijar, aka yi ta sanarwa tun da wuri a rediyo da masallatai, mutane suka yi sallarsu suka kalli ikon Allah lafiya. Ai addininmu ma ya riga ya koyar da haka, domin ranar da rana ta yi husufi daidai da rasuwar Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi da kansa ya gyara wa mutane fahimtar da ta danganta husufin da mutuwar ɗansa.

Sabuwar fasaha tsakanin tsoro da kwaɗayi

A kan fasaha ra'ayinmu yakan karkata ɗayan gefe biyu. Ko mu ji tsoronta fiye da kima, ko mu rungume ta ido rufe.

Gefen tsoro shi ne abin da ya faru a 2020. Korona ta shigo Najeriya a ƙarshen watan Fabrairu, zuwa Afrilu magana ta cika gari cewa fasahar 5G ce ke haddasa ta. A Ingila har an cinna wa turakun sadarwa wuta. A lokacin hukumar sadarwa ta NCC ba ta ba kowane kamfani lasisin 5G ba. Sai a Disambar 2021 aka yi gwanjonsa, MTN ya fara aiki da shi a 2022. Ashe cutar ta riga abin da ake zargi isowa. 5G igiyar iska ce irin wadda ke kawo muryar rediyo, ba ta ɗaukar ƙwayar cuta. Ƙwayar korona ta numfashin mutum take bi zuwa wani. Tambaya ɗaya tak, wato shin abin nan ma ya zo garinmu, da ta isa ta kashe zancen.

Gefen kwaɗayi kuwa shi ne harkar mainin, wato neman kuɗin intanet ta hanyar dangwalar waya. A watan Mayun 2024 manhajar Notcoin ta fashe, wato ta fara biyan waɗanda suka yi ta, wasu matasa suka samu kuɗi na gaske, labari ya bazu. Daga nan sai ka ga ɗalibi, ɗan kasuwa da matar aure kowa na ta dangwalar waya. Hamster Kombat ta ce ta tara 'yan wasa miliyan 300 a duniya, da ta fashe a watan Satumba na shekarar, yawancin mutane abin da suka samu bai biya kuɗin data da cajin da suka kashe ba. Wannan asarar lokaci ce. Wadda ta fi ta ciwo ita ce ta harkar zuba kuɗi ta MMM, da ta rufe asusun jama'a a Disambar 2016, hukumar NDIC ta ce 'yan Najeriya kimanin miliyan uku sun yi asarar naira biliyan 18. Ba na zargin matashin da ba shi da aikin yi don ya gwada sa'arsa. Amma duk wanda zai ja ɗan uwansa cikin wata harka, wajibi ne ya iya amsa masa daga ina ribar take fitowa. In amsar ita ce daga aljihun waɗanda za su shigo bayanka, to ranar kuka tana tafe.

Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen Nuwamban 2022 ake ta muhawara: wasu na cewa zai kashe karatu, wasu na ɗaukarsa malamin da ba ya kuskure. Yana da kyau mu san yadda yake aiki. An ciyar da shi rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa, ya koyi wace kalma ce ta fi dacewa ta bi wata. Shi ya sa yake tsara magana da kyau, shi ya sa kuma yake iya kawo maka hadisin da babu shi, da sunan littafi da lambar shafi, ba tare da wata alamar shakka ba. Da yake rubutun Hausa a intanet kaɗan ne in aka kwatanta da na Turanci, kuskurensa a kan al'amuranmu ya fi yawa. Yana da amfani ga ɗalibi, ɗan kasuwa da mai fassara, muddin akwai mai sani da zai duba abin da ya fitar.

Abin da ya fi damuna shi ne murya da hoto. A 2018 an yaɗa cewa shugaban ƙasa na lokacin Muhammadu Buhari ya rasu an kawo wani Jubril daga Sudan, har sai da ya musanta da bakinsa a ƙasar Poland a watan Disamba. Wannan ya karɓu a wurin mutane da yawa tun kayan haɗa bidiyon bogi ba su yi araha ba. Yau da ɗan guntun karatun malami za a iya haɗa muryarsa yana ba da fatawar da bai taɓa bayarwa ba, ko a haɗa fuskar 'yar mutane a inda ba ta taɓa zuwa ba. Mun taso muna cewa gani ya kori ji. Daga yanzu shi ma ganin sai an bincike shi.

Nishaɗi da mutuncin mutane

Fim ɗin Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa, wanda ya fito a Kano a 1990, shi ake ɗauka mafarin finafinan Hausa na bidiyo. Daga nan sana'ar ta girma ta ɗauki marubuta, masu ɗaukar hoto, mawaƙa, teloli, direbobi da masu abinci. A yau shirye-shirye irin su Daɗin Kowa, Labarina da Izzar So suna haɗa iyali gaban allo daga Sakkwato har Yawunde. Babu fagen da muke sakin baki a kansa kamar wannan.

A 2016 gwamnatin tarayya ta shirya gina ƙauyen fim a Kofa da ke ƙaramar hukumar Bebeji. Wasu malamai da jama'a suka yi ca a mumbari da kafafen sada zumunta, cikin ɗan lokaci aka janye aikin. Damuwar masu adawa a kan tarbiyya damuwa ce ta gaske, ni ma uba ne. Amma a ganina an yanke hukunci kafin a zauna a baje tsarin a faifai, a ce ga abin da za a gina, ga dokokin da za su tafiyar da shi, ga inda za a gyara. Masu shirin ba su nemi malamai tun farko ba, masu suka da yawa kuma ba su ga takardar shirin ba. Fim bai tsaya ba. Ya koma YouTube da TikTok, inda hannun hukumar tace finafinai ta Kano, wadda aka kafa a 2001, ba ya kaiwa da sauƙi.

Sannan akwai batun mutunci. Kana da 'yancin cewa labarin fim ya yi rauni, ko shigar da aka yi ba ta dace da al'adarmu ba. Irin wannan suka gyara take kawowa. Amma da zarar ka tura jita-jitar cewa wance ta yi kaza, ka shiga haƙƙin 'yar wani, ƙanwar wani, uwar wani. Fitowa a allo ba ta halatta naman mutum ba. Sau nawa aka sanar da mutuwar ɗan wasa yana raye, mahaifiyarsa ta ji a bakin maƙwabta?

Abin da ke kan kowa

A kanmu masu waya akwai tambayoyi uku kafin mu tura saƙo. Wa ya faɗa, da sunansa? Ta yaya ya sani? In ya zamana ƙarya ne, wa zai cutu? Wannan tarbiyya gadonmu ce. Malaman hadisi sun gina ilimi guda a kan bin diddigin mai ruwaya, wa ya ji daga wa, yaya gaskiyarsa, yaya haddarsa. Suratul Hujurat ta umurce mu da tantance labari kafin mu cutar da wasu cikin jahilci. Al'ummar da ta gaji wannan bai kamace ta ta tura saƙon da ba shi da uba ba. In abu ya shige maka duhu, akwai kafafen tantance labari irin su Dubawa da Africa Check, akwai kuma likitan unguwarku da malamin kimiyyar makarantar 'ya'yanka. Cewa "ban sani ba tukuna" ba ya rage wa dattijo girma.

A kanku masana, likitoci, injiniyoyi da malaman jami'a, nauyin ya fi yawa. Ku sauko ku yi magana da Hausa, tun kafin jita-jita ta riga ku. Ku shiga rediyo, ku yi gajeren bidiyo, ku amsa tambayar da mutum ya yi ba tare da kun kira shi jahili ba. Inda aka taɓa cutar da jama'a, ku faɗa a fili cewa an yi, domin wanda ya ɓoye maganar Trovan ba za a yarda da shi a kan rigakafi ba. Ku kuma rubuta iliminku da Hausa ku sa a intanet, don 'ya'yanmu da na'urorin da suke tambaya su sami abin kirki da za su ɗebo.

A kanku malaman addini, mumbari ya fi kowace waya ƙarfi a ƙasar nan. Kafin huɗuba ta taɓa allura, manhaja ko fim, a kira mai sanin fannin a ji ta bakinsa, kamar yadda ake tambayar likita kafin a ba marar lafiya fatawar ajiye azumi.

A kanku 'yan jarida da masu shafuka, ku bambanta wa mai sauraro inda labari ya ƙare da inda sharhinku ya fara, in kun yi kuskure kuma ku gyara da ƙarfin muryar da kuka yaɗa shi. Hukumomi su ma su gane cewa duk aikin da za a kawo wa jama'a, a fara da zama da su, domin bayanin da aka yi kafin aiki ya fi araha a kan wanda za a yi bayan an yi asara.

'Yan uwa, sababbin abubuwa ba za su daina zuwa ba. Gobe wata allurar ce, jibi wata manhajar, kuma za mu ci gaba da tattauna su a majalisunmu, haka ya kamata. Roƙona shi ne kowa ya fita daga zauren nan da niyyar cewa saƙon farko da zai shigo wayarsa a daren yau, ba zai tura shi ba sai ya san mai shi da hujjarsa.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya tsare harsunanmu da yatsunmu daga cutar da bayinsa.